Hoton Ciki Ba Shi Ne Awo Ba



   Wasiƙar wannan karon ba ta labarin gari ba ce, faɗa zan yi. Na san akwai waɗanda za su ce yaron nan daga zuwa Ingila har ya fara yi mana wa'azi. Ku daure ku karanta har ƙarshe, in ya so a rama.

Maganar a kan awon ciki ce. A cikin 'yan watannin nan sau huɗu ana turo mini takardar sikanin daga gida, kowacce da albishir: namiji ne, ko mace ce, ko kuma 'yan biyu ne. Na yi murna, Allah ya raba lafiya. Amma duk sau huɗun na yi tambaya guda: an auna hawan jinin uwar, nawa aka samu? Babu wanda ya iya ba ni amsa. Wani abokina ma cewa ya yi, "Haba Malam, ai an yi mata hoto, an ce komai lafiya." To wannan amsar ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ita ce ke kai matanmu kushewa.

A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2025, mata wajen 260,000 ne suka rasu a duniya a shekarar 2023 sanadin ciki ko haihuwa. A cikinsu wajen 75,000 a Nijeriya ne. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ke nan na duk duniya, a ƙasa guda. In ka raba da kwanakin shekara, mace sama da 200 ke nan kullum. Da jirgin sama ne yake faɗuwa da mutum 200 kowace rana, da tuni an rufe filayen jirgi, an kafa kwamiti, an kori minista. Amma da yake mata ne, kuma ɗaya bayan ɗaya suke tafiya, wannan a ɗakin uwarta, waccan a bayan a-kori-kura kan hanyar asibiti, sai mu yi zaman makoki na kwana uku mu watse.

Abin da ke kashe su ba ɓoyayye ba ne. Zubar jini ne, da jijjiga, da doguwar naƙuda, da zazzaɓin da ke biyo bayan haihuwa, sai ƙarancin jini da ke share wa sauran hanya. Bari in tsaya a kan jijjiga, domin ita ce ta fi nuna wautar abin da muke yi. Jijjiga ba ta faɗo wa mace daga sama. Tushenta a mabiyiya yake: idan ba ta kama jikin mahaifa da kyau ba tun farkon ciki, to bayan mako na 20 sai ta fara sakin wasu abubuwa a cikin jinin uwa masu lalata jijiyoyi. Jini ya hau, ƙoda ta fara yoyon furotin cikin fitsari. Wani lokaci mace takan ji ciwon kai mai tsanani, ko ganinta ya dushe, ko ta ji ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko fuska da hannuwa su kumbura. Wani lokaci kuwa ba ta jin komai, tana daka tana shara tana dariya, alhali jininta ya haura 160 bisa 110. Makwanni cutar ke yi tana sallama kafin ta shigo. Ranar da ta shigo, mace ta faɗi tana karkarwa, sai a ce iska ce ta buge ta, a nemo hayaƙi da rubutu.

Me ke jin wannan sallamar? Abin awon hawan jini da ake ɗaurawa a dantse, wanda kuɗinsa bai kai na wayar da ke aljihun yawancinmu ba. Sai ɗan tsinken takarda da ake tsomawa cikin fitsari, ya sauya launi cikin minti ɗaya. Shi ke nan. Na'urar sikanin kuwa, duk tsadarta da kwarjininta, ba ta auna hawan jini. Ba ta ganin furotin a fitsari. Ba ta gaya maka jinin matarka ya yi ƙasa har ya kai inda zubar da wata za ta jure ita ba za ta jure ba. Mace tana iya fitowa daga ɗakin hoto da takardar "komai lafiya" a hannu, jijjiga ta kama ta a daren. Mai hoton bai yi ƙarya ba, ɗan ya duba, bai duba uwar ba.

Kada a ce na ce hoto ba shi da amfani. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta bayar a 2016, ta ce a yi hoto sau ɗaya kafin mako na 24, don a san ainihin kwanakin ciki, a gane ko 'yan biyu ne, a ga ko akwai wata tawaya. Sau ɗaya ta ce. Amma haɗuwa da ma'aikacin lafiya sau takwas ta ce. Mu kuwa mun juya lissafin. Nan Ingila, inda kuɗi bai yi musu ƙaranci ba, mai cikin fari ana tsara mata ganin ungozoma ko likita sau 10, wadda ta taɓa haihuwa sau 7, kuma hoto biyu kacal ake yi wa mai lafiyayyen ciki. Hawan jini da fitsari kuwa duk zuwa sai an duba. Ba su gajiya da wannan ɗan aikin da mu muke rainawa. Mata wajen 13 suke rasawa a cikin haihuwa 100,000, mu kuwa kusan 1,000.

An ma gwada abin a ƙasashe irin namu. Wani babban bincike da aka buga a 2018 ya kai na'urorin hoto ƙauyukan Kwango, Kenya, Zambiya, Pakistan da Guatemala, aka koya wa ma'aikata, aka riƙa yi wa mata hoto sau biyu a lokacin ciki, sannan aka kwatanta da ƙauyukan da ba a kai ba. Mutuwar iyaye ba ta ragu ba, ta jarirai ma haka. Duk da wannan, ku duba abin da ɗan siyasa ke saya in zai buɗe asibiti a mazaɓarsa. Na'ura mai allo yake saya, domin ita ce ke fitowa a talabijin in ana yanke ƙyalle. Ba wanda zai kira 'yan jarida don ya raba kwalin tsinken gwajin fitsari.

Laifin ba na masu ciki da mazajensu kaɗai ba ne, kuma a nan ne raina ya fi ɓaci. Akwai matan da ke zuwa awo tsakaninsu da Allah, su yi sammako, su biya kuɗin mota, su yi layi tun safe har azahar, amma abin da ake yi musu sunansa kawai awo. Da na zo hutu na raka matar yayana wani ƙaramin asibiti, ba zan faɗi sunansa ba. Mata sun fi 80 a kan benci, ma'aikaciya ɗaya da mai taya ta. Aka yi waƙa aka tafa, aka hau sikeli, aka shafa ciki, aka ba da ƙwayoyin ƙarin jini. Da na tambayi abin awon hawan jini, sai aka ce batir ya mutu tun wancan makon. Na karɓi katin na duba, sai na ga an cike gurbin da 120 bisa 80. Na leƙa na maƙwabciyarta, 120 bisa 80. Ban ga laifin baiwar Allah nan sosai ba, mutum ɗaya ba ya iya aikin mutum biyar. Amma lambar ƙarya a kati ta fi gurbin da aka bari fayau haɗari, domin duk wanda ya gani a gaba zai ɗauka an duba.

Sai kuma mu, masu karatun. A darussan da muke yi nan babu abin da ake so kamar sabuwar dabara ta tantance mata: wannan tana cikin haɗari, waccan ba ta ciki. Kowace shekara sai wani ya zo da manhajar waya ko na'ura mai fitila ja da kore, ya nemi tallafi, ya tafi Afirka ya gwada. Wannan tunanin ba sabo ba ne. Tun shekarun 1970 da 1980 aka yi yayin ba mata maki: gajeriya ce, ƙarama ce, ta haihu da yawa, ta taɓa shan wahala a haihuwa, sai a ce ita ce za ta je babban asibiti, sauran su haihu a gida. A garin Kasongo na ƙasar Zayar, wato Kwango ta yau, aka bi diddigin abin aka buga a 1984. Aka tarar mafi yawan matan da naƙuda ta tsaya musu ba sa cikin waɗanda aka yi wa alamar haɗari, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa alamar lafiya lau suka haihu. Zubar jini bayan haihuwa ma haka take, sau da yawa ba ta ba da sanarwa. Saboda haka duk ma'aikacin da ya ce wa mace "ke ba ki da matsala, kina iya haihuwa a gida" ya faɗi abin da babu awon da zai iya tabbatar masa.

Ko awon da ke da inganci ma, in aka tsaya a kansa, ba ya ceto. A 2020 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Indiya, Pakistan da Mozambik, a kan mata sama da 60,000. An ba ma'aikatan lafiya na ƙauye abin awon hawan jini da manhaja a waya, suna bi gida gida. Sun gano masu hawan jini da yawa. Amma da aka haɗa lissafi gaba ɗaya, mutuwa da wahala ba su ragu yadda aka yi fata ba. Dalilin ba shi da wuyar ganewa ga duk wanda ya taso a inda muka taso. An gaya wa mace jininta ya hau, an rubuta mata takarda ta je babban asibiti. Da wace motar? Da kuɗin wa? Da izinin wa, in maigida yana Legas ko Fatakwal wajen nema? In ta isa, akwai likita? Akwai magani, ko za a miƙa wa 'yan rakiya takarda su zaga gari da tsakar dare suna buga ƙofar kemis? Tun 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka kira wannan jinkiri uku: na yanke shawarar tafiya, na isa asibiti, da na samun kulawa bayan an isa. Fitila ja a kan na'ura ba ta maganin ko ɗaya daga ciki.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, amsar ba a Landan take ba, a gida aka same ta, amma ba ma ambatonta. Farfesa Kelsey Harrison ya bi haihuwa 22,774 a Zariya tsakanin 1976 da 1979, ya buga a 1985, ya nuna cewa matan da aka kawo a gigice ba su taɓa zuwa awo ba sun fi waɗanda ke da kati mutuwa ninki da yawa. Shekara 40 ke nan da wannan. Sannan akwai allurar magnesiyum salfet, mai araha, wadda babban gwajin da aka buga a 2002 a kan mata sama da 10,000 a ƙasashe 33 ya nuna tana rage aukuwar jijjiga da fiye da rabi. A 2008 aka shigar da ita manyan asibitoci 10 na jihar Kano, aka horar da likitoci da ungozomomi, aka tabbatar maganin yana nan a ajiye. A cikin matan da aka kwantar da wannan ciwo, masu mutuwa suka faɗo daga kusan kashi 21 cikin 100 zuwa kashi 2 da 'yan kai. Ba sabon gini aka yi ba, ba a kawo Bature ba.

Haka kuma a 2023 aka buga wani binciken da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarenmu. Abin da aka yi mai sauƙi ne. Maimakon ungozoma ta ƙiyasta jinin da ya zuba da ido, sai a shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni. Da zarar jini ya kai layi, ba jira, ba gwada wannan a ga ko zai yi: a murza mahaifa, a yi allurai, a ɗaura ruwa, a duba inda jinin ke fitowa, duk a lokaci guda. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta suka ragu da kashi 60 cikin 100. Ku lura da bambancin wannan da na ƙauyukan Indiya da Mozambik. A can an auna an ba da takarda. A nan an auna, kuma maganin yana kan tire a gefen gado.

To yanzu in dawo kanmu, mu maza, domin gwamnati ba ta karanta wasiƙuna amma ku kuna karantawa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan mata biyu cikin uku a Nijeriya suna ganin ƙwararren ma'aikaci lokacin ciki, amma 39 kacal cikin 100 ke haihuwa a asibiti. A arewa maso yamma ba su kai biyu cikin goma ba. Wato muna barinsu su je awo, amma ranar da ta fi kowace rana haɗari sai mu ce a kira tsohuwar unguwa. Tun ciki yana wata shida mun fara cinikin rago, mun yi wa tela maganar ɗinkin suna, an sayi atamfa. Wa ya ware kuɗin mota? Wa ya san direban da zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare? A jihohi irin su Jigawa, Katsina, Yobe da Zamfara an yi tsari da ƙungiyar direbobi ta NURTW don kai masu naƙuda asibiti cikin gaggawa. Wa ya taɓa zuwa tasha ya tambaya ko tsarin yana aiki a garinsu? Wa ya san rukunin jinin matarsa, balle ya nemi 'yan uwa biyu da za su ba da jini in ta kama? Kuma wanda zai yi tafiya ya bar mai tsohon ciki, me zai hana ya faɗa a gaban iyayensa da nata cewa ya ba da izini tun yanzu, in an ga abin da ba a gane ba a wuce da ita asibiti, kada a jira shi?

Iyayenmu mata, Inna da su Gwaggo, ku gafarce ni, da girmamawa nake magana. Na san kun haifi takwas, kun haifi goma, a ɗaki, ba kati ba allura. Amma ku tuna da sa'o'inku da aka yi aure tare, nawa ne ba su ga sunan ɗan fari ba? Su ba sa nan balle su ba da nasu labarin. Yarinya mai cikin fari ita ce jijjiga ta fi kamawa, kuma ita ce muka koya wa kunya, ta ɓoye ciki har ya fito da kansa, ta danne ciwon kai don kada a ce raguwa ce. In ta zo goyon ciki ƙafa da fuska a kumbure, kada a ce alamar ɗa namiji ne ko zaƙi ne a haɗa mata jiƙo. A kai ta a auna.

Na san za a ce mini kwana ne ya ƙare. Ban musa ba, kowa da ranarsa. Amma ban taɓa ganin wanda ya ƙi gyara birkin motarsa don ya yi imani da ƙaddara ba, kuma ban ga manomin da ya ga tsutsa a gonarsa ya naɗe hannu ba. Sai a kan ran mace ne muke tuna wannan karatun. A Ingila da Wales tun 1952 duk macen da ta mutu sanadin ciki sai an binciki yadda aka yi, a asirce, ba don a ɗaure wani ba, don a gano inda aka yi sakaci a toshe. Mu kuwa ko tambayar "me ya faru" a wurin ta'aziyya ana ɗaukarta rashin tawakkali. Shugabanninmu ma sun ji daɗin wannan shirun. A Abuja aka yi alkawari a 2001 cewa za a ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba.

Ga roƙona, ga duk wanda matarsa ko 'yarsa ko ƙanwarsa ke da juna biyu. In ta dawo daga awo, karɓi katin ka duba. Tambaye ta ko an ɗaura mata abin a dantse da gaske. In lambar sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, ba maganar a jira wata mai zuwa ba ce. In ta kai 160 ko 110, a ranar za a tafi babban asibiti, ko da tana cewa ba ta jin komai. A tambayi ko an gwada fitsari. A tambayi yawan jininta: ƙasa da 11 ƙaranci ne, ƙasa da 7 kuwa haɗari ne babba. A yi gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere tun zuwan farko, kada kunya ta hana, domin tunjere allurar fenisilin ke tsare jariri daga ita. Daga wata na huɗu a karɓi Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, a kwana cikin gidan sauro. Sannan ka je da ƙafarka asibitin da za ta haihu ka yi tambayar da ba a saba yi ba: kuna da magnesiyum salfet? Kuna ƙarin jini? In ta kama a yi tiyata da dare, akwai mai yi? In an ce babu, tambayi inda akwai, ka san hanyar tun rana ba ta faɗi ba.

Ni kuma da mai zuwa gida a watan gobe zan aiko da abin awon hawan jini guda biyu da batir, ɗaya a ajiye a babban gida wurin Inna, ɗaya a gidan Kawu. Ƙanwarmu da ke makarantar koyon jinya ta yarda za ta nuna wa kowa yadda ake ɗaurawa da yadda ake karanta lambar. Na maƙwabta ma in sun zo kada a hana su.

A gaida kowa da kowa. Sai wata wasiƙar.

Naku, daga Ingila.